Igiyar Baba

Ɗakin Baba taga ɗaya gare shi, ita ma a rufe take tun da aka ce iska na tayar masa da tari. Littattafai sun cinye bango uku daga ƙasa har sama, duk da mai su ya daɗe rabonsa da ganin harafi. Bango na huɗu na allo ne. A gaban allon Auta take zama kullum da la'asar in ta taso daga jami'a, kan wata kujera mai gajerun ƙafafu, gwiwarta na gogar gadonsa, ta karanta masa abin da masana suka fitar a ranar.

Auta sunan gida ne. A jami'a Dakta ake ce mata in tana wurin, in ta ba da baya kuma 'yar Farfesa. Baba kaɗai ke ce mata Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta haura arba'in, ga 'ya'ya biyu, ga furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, amma har yau in ta shiga ɗakin nan sai ta ji ta koma ɗalibar da ba ta yi aikin gida ba.

Uba da 'ya abu ɗaya suke nazari, abin da ba wanda ya taɓa gani kuma ba mai gani: cikin tauraron nutiron. In babban tauraro ya ƙone abin da ke cikinsa ya mutu, sai ya rufta a kan kansa, abin da ya fi rana nauyi ya dunƙule ya koma bai wuce faɗin gari guda ba. A can ciki matsi ya kai inda ƙwayar zarra ma ba ta iya riƙe kanta, sai ta narke, ya rage ƙananan ƙwayoyin cikinta da ake kira nutiron ne zalla, kafaɗa da kafaɗa, ba wurin juyawa. Tambayar da ta cinye rayuwar Baba ita ce, wannan abu da aka matse haka, yaya ƙarfin turjiyarsa yake? In mai tauri ne, zai ɗauki tauraro mai nauyin gaske. In mai laushi ne, akwai nauyin da in aka kai sai ya sallama, tauraron ya zurma ya zama baƙin rami. Kowane masani da nasa lissafin, kowane lissafi kuma da iyakar abin da zai iya ɗauka. Na Baba mai ɗan laushi ne, don ya yarda cewa can a tsakiya matsi yana haifar da wasu ƙwayoyi masu nauyi da ba sa taya turjiya. 'Yan zaman kashe wando yake ce musu. Iyakar lissafinsa nauyin rana biyu ne, ko ƙwayar gero ba ya ƙarawa.

Lokacin da yake da idonsa, Baba ya kafa wata al'ada a sashensu wadda har yau tsofaffin ɗalibai ke ba da labarinta. Ya zana lissafin kowane masani a babban allo, kowanne layi ne mai hawa ya kai ƙololuwa ya lanƙwaso. Sai ya ja wani layi a kwance, daidai nauyin tauraro mafi nauyi da aka taɓa aunawa. Duk wanda ƙololuwarsa ba ta haura wannan layi ba, to ya mutu, don sama ta nuna abin da shi ya ce ba zai yiwu ba. Ranar da aka auno sabon tauraro mai nauyi kuwa ranar biki ce. Sai Baba ya tara kowa, ya sa a dafa shayi, ya ɗaga layin, ya goge waɗanda suka faɗo ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan mai kowanne yana cewa Allah ya jiƙan rai. Jana'iza yake kiran abin. Ya binne lissafin manyan mutane yana dariya har da riƙe ciki, nasa kuma kullum sai ya tsira da ƙyar, kansa a sama da layi.

Da ido ya tafi, Auta ce ta mayar masa da allon. Ta sa kafinta ya yanko falanki, ta bi ta kakkafa ƙananan ƙusoshi, ta ɗaura wa kowane lissafi zarensa. Na Baba ta yi shi da igiya mai kauri don ya gane ta da taɓawa ɗaya. Layin kwance kuwa waya ce ta ɗaure tam daga ƙusa zuwa ƙusa. Kullum kafin a fara karatu sai ya miƙe ya lalubi bango, ya bi igiyarsa da yatsa tun daga ƙasa, ya tsallake waya, ya kai ƙololuwa, ya ɗan bubbuga ta.

"Muna nan, Uwata," zai ce. "To, karanto mana abin da yara suka rubuta yau."

Labarin ya same ta ne da hantsi a ofishinta na ƙarƙashin bene, inda fitila ke ci dare da rana don babu taga, bututun ruwa kuma na gurnani ta saman kai. Ofishin nasu ne su biyu, ita da wani abokin aiki da ake kira Sarkin Shakka, mutumin da in ka ce masa yau Talata sai ya ce a nuna masa hujja. Shi ne ya juyo da fuskar kwamfutarsa wajenta.

An auna wani tauraro. Irin masu ƙiftawa ne, da ke aiko da bugu a kan kari kamar agogo, yana zagaya wani ƙaramin tauraro abokin zamansa. Daga ɗan jinkirin da bugun ke yi in ya ratsa ta kusa da abokin aka fitar da nauyinsa: rana biyu da ɗigo biyu.

"To sai ka yi shakkar mana," in ji ta. "Ai sana'arka ce."

"Tun asuba nake nema, Dakta. Ƙungiya biyu ne, ba sa ga maciji da juna, kuma amsa ɗaya suka samu. Wallahi na so in samu inda zan kama."

Ta zauna tana kallon lambar. Shekara goma sha biyar ta yi tana yi wa lissafin Baba kwaskwarima, ta ƙara masa zafi, ta ƙara masa juyi, ta rubuta takarda bayan takarda, duk da sunansa a gaba nata a baya. Mutane na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, tana murmushi. Ban da Baba, ba wanda ya san cewa ita ma ta taɓa fara nata lissafin, mai tauri, wanda ya hana 'yan zaman kashe wando sakewa. Ta kai wa Baba da murnarta, ya duba ya ce, "Uwata, gida ya yi miki kaɗan ne za ki koma maƙwabta?" Da wasa ya faɗa. Ita kuwa daga ranar ba ta sake buɗe shi ba.

Abin da ya fara zuwar mata a zuciya ranar nan, kafin tausayi, kafin tsoro, sauƙi ne. Ta ji kunyar hakan har ta rufe fuska.

Ba ta kai ɗakin Baba ba sai da ta biya ta kicin, kuma nan ta yi kuskure. Umma na yanka albasa, Yaya na tsaye yana cin abu daga tukunya kamar ba shi da gida. Yaya kantin magani gare shi, don haka a gidan shi ne likita, shi ne alƙali.

"Ba za ki faɗa masa ba," ya ce tun ba ta rufe baki ba.

"Yaya, ai dole ya ji."

"Dolen me? Tauraron zai zo ya ƙwanƙwasa ƙofa ne? Kin san zuciyarsa. Bara da aka ce abokinsa ya rasu kwana nawa ya yi a asibiti?"

"Wannan aikinsa ne. Shi da bakinsa yake cewa duk wanda ya ɓoye sakamako ɓarawo ne."

Umma ta ajiye wuƙa. Idonta ya yi ja, ko albasa ce ko ba ita ba. "Auta, ni ban san nutiron ba, ban san uban nutiron ba. Abin da na sani, mutumin nan ido ya tafi, ƙafa ta tafi, abokai sun tafi. Igiyar nan ce ke tashe shi daga gado. In kin cire ta, me za ki ba shi ya riƙe?"

Auta ta shiga ɗakin, ta zauna kan gajeriyar kujera, Baba ya bi igiyarsa ya tsallake waya ya bubbuga ƙololuwa, ya ce suna nan. Ta ce, "Muna nan, Baba."

Ƙarya ɗaya ta ɗauka za ta yi. Ashe ƙarya haihuwa take kamar ɓera. Kafin mako ya zagayo, kusan duk takardar da ta fito sai ta ambaci sabon tauraron, wasu tun a layin farko. Sai ta koma tana tace karatu tun a ofis, ta ja layi ƙarƙashin abin da za ta tsallake, ta shirya jimlar da za ta ɗinke wurin da ita. Baba kuwa kunne ya gaji ido. In ta ɗan yi jim, sai ya karkato da kai.

"Me kika tsallake?"

"Godiya ce suke yi wa waɗanda suka ba su kuɗin bincike."

"A tsakiyar takarda? Yaran zamani ba su iya rubutu ba."

Wata rana ya ce, "Abin mamaki, bana duk an yi shiru da maganar nauyi. Masu aunawa sun yi barci ne?" Ta ce na'urarsu ce ake gyara. Ya yi tsaki ya tausaya musu.

Ta hana tsofaffin ɗalibansa zuwa gaisuwa sai ta ja su gefe tukuna a bakin matakala. Ta ɗauke rediyonsa ta ce ya lalace. In wayarsa ta salula ta yi ƙara gabanta ya faɗi. A jami'a ɗalibai suka fara tambayarta a aji, da ladabi, ko lissafin Farfesa na nan da ransa, ta ce ana dubawa. Ba ta iya rubuta komai a kan lissafin Baba, don ta san gawa ce. Ba ta iya buɗe nata, don ba ta san da wane baki za ta karanta masa ba. Da safe ofis marar taga, da la'asar ɗaki mai rufaffiyar taga, a tsakani cunkoson motoci. Mijinta ya ce ta rame. Ta ce aiki ne.

Sai ga takardar gayyata daga jami'a. Za a sa wa sabon ɗakin taro sunan Baba, kuma ana so ya zo ya yi jawabi da kansa.

Rabon da a ga Baba cikin irin wannan farin ciki an daɗe. Ya sa aka fito da babbar rigarsa aka kai wanki da guga. Ya ce a kira kafinta ya kwance allon daga bango, da shi za a je, don mutane su gani da idonsu tunda su suna da shi. Karatun la'asar ya koma shifta, yana faɗa tana rubutawa.

"Rubuta. Shekara talatin sararin sama yana neman tauraron da zai karya wannan igiya, bai samu ba. Kin rubuta?"

"Na rubuta."

"Karanto in ji daɗinsa."

Ta karanto. Kowace kalma ta fito mata da ƙaya.

"Ƙara da cewa, abokina Taurin-Kai, in yana ji, har yanzu ina jiran tauraron da ya yi mini alkawari." Taurin-Kai wani tsohon abokin hamayyarsa ne a wata ƙasa, mai lissafi mafi tauri a allon, wanda suka shekara da shekaru suna caccakar juna a taruka sannan su tafi cin abinci tare. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ana saura kwana ɗaya taro, Sarkin Shakka ya shigo ofis ya rufe ƙofa ya jingina da ita.

"Dakta, kin ji abin da shugaban sashe ya yi?"

"Me ya yi?"

"Yayanki ya je ya same shi. An tara mu jiya, har ɗalibai. An ce gobe ba tambaya. Duk abin da Farfesa ya faɗa, a tafa. An ma zaɓi waɗanda za su fara tafin, su zauna a gaba." Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Ni ɗalibinsa ne. Mutumin nan ya taɓa korata daga aji don na ce na yarda da shi ba tare da na duba ba. Gobe zan zauna in tafa masa kamar yaron da ya yi waƙa a makaranta. Ban san ke ba, ni dai abin ya tsaya mini a rai."

Ta hango abin sarai. Baba a tsaye cikin babbar riga, hannunsa kan igiya, yana ƙalubalantar sama. Ɗaki cike da mutanen da duk sun sani, har 'yan aji ɗaya, suna kallon ƙasa, suna jiran a ba su alamar tafi. Mutumin da ya binne lissafin duniya yana dariya, shi za a lallaɓa. Kuma allon da za a kafa a gabansu da wayarsa a inda ba nan take ba, ita ta ɗaura shi da hannunta.

In ta faɗa, wataƙila ta kashe shi. In ta yi shiru, gobe za a yi masa abin da ya fi mutuwa ciwo, bai ma sani ba. Ta daɗe a zaune, bututu na gurnani a samanta. Sannan ta buɗe aljihun tebur ta ɗauki filaya ta jefa a jaka.

Ba ta biya ta kicin ba. An riga an sauke allon, an jingine shi da bango kusa da gado, babbar riga na rataye a ƙofar kabad tana ƙanshin guga. Baba na zaune a bakin gado, ya yi aski.

"Yauwa Uwata. Yau gwaji za mu yi, daga farko har ƙarshe. Ina jawabin?"

"Yana nan. Baba, bari in gyara wani abu a allon tukuna."

Ta durƙusa. Ƙusar hagu ta fito da sauƙi, ta dama ta yi gardama har ta yi ƙara. Ta auna da 'yar rula, ta mayar da su sama, ta buga da bayan filaya, ta ja waya ta ɗaure. Baba ya kasa kunne. Ya san ƙarar kowane abu a ɗakin nan, kuma ya san ba a taɓa waya sai da dalili ɗaya.

"Kawo hannunka," ta ce.

"Na san hanya."

Ya sa yatsa a gindin igiya ya fara hawa. Ya zo inda ya saba tsallake waya, yatsan ya ɗan ɗaga da kansa, bai tarar da komai ba. Ya tsaya. Ya ci gaba a hankali har ƙololuwa. Bai bubbuga ba. Ya bar igiyar ya hau falanki tsirara, faɗin yatsa ɗaya, faɗin yatsa biyu, sai ga waya.



"Nawa?"

"Biyu da ɗigo biyu."

"Kuskuren awo fa?"

"Kaɗan ne, Baba. Ko an ninka shi uku ba ya sauko mana."

"Da me suka auna? In da hasken abokin ne, wannan ba awo ba ne, duba ne."

"Da jinkirin bugu."

"Ƙungiya nawa?"

"Biyu. Kowa da na'urarsa."

Ya gyaɗa kai. Sai ta ga leɓensa ya sauya launi, numfashinsa ya gajarce, hannunsa na hagu ya tafi ƙirji. Ta zabura ta ɗauko kwalbar maganin zuciyarsa da ke kan durowa, ƙwayoyin suka zube a gado, ta tsinci ɗaya ta sa masa ƙarƙashin harshe. Ta riƙe kafaɗarsa tana kiran sunan Allah, tana cewa a ranta shi ke nan, Yaya ya yi gaskiya, na kashe ubana a kan tauraron da bai san da mu ba. Umma ta turo ƙofa da faranti a hannu, ta ga filaya, ta ga allo, ta ga mijinta.

"Auta, me kika yi?"

Baba ya ɗaga hannu alamar a dakata. A hankali numfashin ya dawo, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Da ya yi magana, muryar ta shaƙe amma tasa ce.

"Ajiye shayin, kada ki ƙona ƙafarki. Ban tafi ba tukuna." Ya juyo wajen Auta. "Yaushe aka auna?"

Da ta iya da ta ce jiya. "Watanni ke nan, Baba."

"Tun lokacin da na'urarsu ta lalace."

"E."

"Da rediyona."

"Shi ma."

"Wa ya sani?"

"Kowa."

"Kowa wa?"

"Umma, Yaya, sashe gaba ɗaya, ɗalibai. An ce gobe kada a yi maka tambaya. An ce a tafa."

Wannan ta fi lambar shigarsa. Ta ga fuskarsa ta yamutse kamar an mare shi. Umma ta fara cewa don lafiyarsa aka yi, kowa alheri ya nufa, ya ce, "Na sani, na sani," bai ɗaga murya ba. Ya mayar da hannu kan allon, yana shafa wurin da wayar take a da, inda ramukan ƙusa biyu suka rage.

"Kullum ina tashi in taɓa nan in ce muna nan. Ke kuma ki ce muna nan." Ya numfasa. "Idona ne ya mutu, Uwata. Ni da saura."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ba ta ba da haƙuri ba, don ta san kalmar ta yi ƙanƙanta.

Ya kama igiyar daga ƙololuwa ya fara zare ta daga ƙusa. Ya zare ɗaya, ya zare biyu. Sai ya tsaya, ya yi wani ɗan guntun murmushi marar daɗi.

"Ka ji wanzami ba ya son jarfa. Na mutane a bainar jama'a na binne su, da shayi da dariya. Nawa kuma zan turbuɗe shi a ɗaki kamar kayan sata." Ya mayar da igiyar kan ƙusoshinta, ya daidaita ta da babban yatsa. "A bar ta nan sai gobe. A gaya wa shugaban sashe a dafa shayi, mai yawa. Kuma duk wanda ya tafa kafin in gama, a fitar da shi."

"Jawabin fa?" ta tambaya.

"Yaga shi. Wa ya rage a sama?"

Ta duba, duk da ta sani. "Uku ne. Na Taurin-Kai ya fi kowa tsira."

"Kai! Wannan jakin." Ya girgiza kai. "Ya cika alkawari ke nan. Sai na kira shi kafin ya kira ni." Yatsansa na yawo a ɗan filin da ke tsakanin igiya da waya. "To me ke riƙe da shi? Rana biyu da ɗigo biyu, a matse haka, bai zurma ba. Ko dai 'yan zaman kashe wandon nan ba su zo ba, ko sun zo sun kama aiki. Akwai wani abu a cikin nan da ke cewa a'a, ni ban san shi ba." Ya ɗago fuska. "Akwai wani abu da kika taɓa kawo mini. Na yi miki maganar maƙwabta."

Ba ta zaci ya tuna ba. "Ban ƙarasa shi ba."

"Na san ba ki ƙarasa ba. Ina kika ga lokaci, kina nan kina yi wa makaho tatsuniya?"

Maganar ta soke ta, kuma ta san ya nufi ta soke ta.

"Daga jibi ɗalibai su riƙa zuwa suna yi mini karatu, karɓa-karɓa. A fara da mai shakkar nan, shi ko ya so ba ya iya tsallake layi. Ke kuwa ki zo gaisuwa kamar kowa, ki tsaya daga bakin ƙofa, ki tafi."

"Baba."

"Ɗauki kujerar nan ki fita da ita. Ranar da kika zo da igiyarki, ki dawo da ita mu zauna. In ta faɗo ƙasa da waya, ni zan binne ta da hannuna, kada ki ce ban gaya miki ba."

Ta tsaya ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ya riga ya juya yana ce wa Umma ta nemo masa rediyonsa duk inda aka kai shi, kuma ta buɗe tagar nan, tarin ya yi abin da zai yi.

Auta ta ɗauki kujerar ta fito. Shekara da shekaru tana mafarkin la'asar da za ta zama tata, ba ta taɓa zaton haka za a ba ta ita ba. Ba ta san ko korarta aka yi ko sakinta ba. Zuciyarta ta ce duka biyun, kuma duka biyun da zafi. A bayanta ta ji tagar ta yi ƙara ta buɗe, hayaniyar titi ta shigo, ta ji Baba ya yi tari, ya sake yi, sannan ya ce a bar ta a buɗe.

Ta tsaya a saman matakala da kujera a hannu ɗaya, filaya a ɗayan, tana kuka kamar yarinya. Rana ba ta ko faɗi ba. Ba ta san inda mutane ke zuwa a irin wannan lokaci ba.